Idan Hukuma Ta Gaza, Nauyi Ya Sauka Daga Kanmu?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, musamman mazauna Legas, daga Agege zuwa Mile 12, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago, duk wanda ya yi damina ɗaya a garin nan ya san abin da watan Yuni da Yuli suke zuwa da shi. Ruwa zai sauka na 'yan awanni, titi ya koma kogi, mai shago yana kwashe buhunan shinkafa zuwa saman benci, uwa tana ɗora yara a kan gado. Washegari kuma kowa bakinsa ɗaya: gwamnati ba ta aiki.

Maganar akwai gaskiya a cikinta. Amma ga tambayar da nake so mu tsaya a kanta yau: idan hukuma ta kasa sauke nata nauyin, shin nawa ya faɗi ke nan? Mutumin da motar shara ta yi sati uku ba ta leƙo layinsu ba, ya ɗauki buhun shara da daddare ya juye a kwata, yana da uzuri a wurin Allah? Matashin da ya ɓamɓare murfin kwata na ƙarfe ya kai wa mai sayen gwangwan, yana cewa ai kayan gwamnati ne, ba na kowa ba, me Shari'a take kiran abin da ya yi?

Mu fara fahimtar garin tukuna. Legas ƙasa ce mai kwari, tana zaune tsakanin Tekun Atlantika da babban tafkin nan da ake kira lagun. Ruwan da ya sauka a rufinka sai ya bi ƙaramar kwatar ƙofar gida, ya shiga ta bakin titi, ya faɗa babbar magudana, kafin ya isa lagun. Idan aka yi rashin sa'a ruwan sama ya haɗu da tumbatsar teku, bakin magudanar ba ya iya fitar da ruwa, sai ya dawo baya ya jira. A wannan lokacin duk wani fili da ke cikin kwata yana da amfani, domin nan ne ruwan zai tsaya maimakon ɗakin mutane. Ledar fiya wata, robar lemo, robar tekawe da tsumman da aka watsar su ne suke cinye wannan filin. Abin da garin da ke kan tudu zai jure, garin bakin teku ba zai jure ba. Shi ya sa gwamnatin jihar ta haramta robar abinci ta soso a Janairun 2024. A Yunin wannan shekarar kuma cutar amai da gudawa ta ɓarke a Legas, aka rasa rayuka, cutar da kowa ya san ƙazamin ruwa ne abokin tafiyarta.

Nauyin hukuma a bayyane yake, kuma ba alfarma ba ne. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ciki har da gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, fitilun kan hanya, ban-ɗakunan jama'a, kwashe shara, kasuwanni da maƙabartu. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37. Tana da hukumar kwashe shara ta LAWMA, da kamfanoni masu zaman kansu da aka raba wa unguwanni suna karɓar kuɗi gida-gida. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ɗan kasuwa kuma ya san yawan rasit ɗin da yake yanka a mako. Wanda ya karɓi kuɗin jama'a da sunan aiki, amana ya karɓa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana Madina yana jin tsoron a tambaye shi game da dabbar da ta yi tuntuɓe a Iraƙi saboda bai gyara mata hanya ba. To ina ga ciyaman ɗin da yaro ya nutse a kwatar da aka fitar da kuɗin yashe ta a takarda?

Kada kuma a ɗauka talaucin ƙasa ne kaɗai ke jawo haka. Jidda ma garin bakin teku ce, a ƙasa mai arzikin mai. A ranar 25 ga Nuwamban 2009, daidai da 8 ga Zulhijja, alhazai suna fita Mina, ruwan 'yan awanni ya kashe mutum sama da 100 a can. Sarki Abdullah ya sa aka yi bincike, aka gano an yi gine-gine a kan hanyoyin ruwa, daga baya aka ɗaure wasu jami'ai da 'yan kasuwa kan cin hanci. Sa hannu ɗaya a ofis mai sanyi yana iya zama sanadin mutuwar mutanen da mai sa hannun bai taɓa gani ba. Laifin mai iko ya fi na talaka girma, gwargwadon yadda ikonsa ya fi.

Amma girman laifin wani ba ya goge ƙaramin laifina. A nan ne malamanmu suka yi rabo mai kyau. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware fasali a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan abubuwan ƙi da ake yi a kan hanya. Ya ambaci mai gina dakali ya ci hanyar mutane, da mai ɗaure dabba inda za ta takura masu wucewa, da mahaucin da ke yanka a ƙofar shago jini yana malala, da mai watsar da shara da ɓawon kankana inda wani zai zame. Sai ya bambance abu biyu. Ruwan da ya taru a hanya daga indararon wani gida sananne, mai gidan ne zai share. Ruwan sama da taɓon da ba a jingina su ga mutum ɗaya ba, wannan aikin gama-gari ne, shugabanni ne za su tsara mutane a kansa. Ku duba fa, shekara sama da 900 ke nan, amma kamar a bakin kasuwar Mile 12 ya zauna ya rubuta.

Ma'aunin ke nan. Babbar magudana, tumbatsar teku da motar shara suna wuyan hukuma. Abin da ya fita daga hannunka kuwa naka ne, ko an zo kwashewa ko ba a zo ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanya kawar da abu mai cutarwa daga hanya cikin rassan imani, ya ba da labarin mutumin da aka gafarta masa saboda reshen ƙaya da ya janye daga hanya, ya kuma gargaɗi mai yin bayan gida a hanyar mutane ko inuwarsu da cewa yana jawo wa kansa tsinuwa. Babu inda aka ɗora wa waɗannan sharaɗin cewa sai idan gwamna adali ne.

Sai maganar "kayan gwamnati". Wallahi wannan kalmar ta halaka mutane da yawa. A zuciyarmu mun fassara ta da kayan da ba su da mai shi, alhali a fiƙihu dukiyar jama'a ita ce wadda masu ita suka fi yawa. Bayan yaƙin Haibara kibiya ta kashe wani mai yi wa Annabi hidima, sahabbai suna taya shi murnar shahada, sai Annabi ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya, jama'a. Murfin kwata, wayar fitilar titi, ƙarfen gefen gada, duk hukuncinsu ke nan. Na san da yawa daga 'yan uwanmu sana'ar bola da gwangwan suke yi a Legas, kuma sana'a ce ta halal mai amfani, domin suna rage wa gari datti. Sai dai mai sikeli ya san bambancin tsohon injin da aka yar da sabon murfin da aka ɓamɓaro. Idan ya saya yana sane, ya shiga cikin alhakin. Kuma mutum ɗaya yana ɓata sunan dubu, a garin da dama ana neman abin da za a ce a kan baƙo.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan babin shi ne tuba. Idan ka ci kuɗin Malam wane, ka san gidansa. Za ka je ka biya, ko ka ce ya yafe maka, magana ta ƙare. To sharar da ka zuba a Agege, ruwa ya ja ta ta toshe kwalbati a wata unguwa can ƙasa, ɗakin wata bazawara ya cika da ruwa, ɗinkin mutane da aka ba ta ya lalace, ina za ka same ta? Ramin da ka bari a buɗe, ɗan acaɓa ya faɗa da daddare ya karye, wa zai nuna maka shi? Ba ka san su ba, su ma ba su san ka ba, amma an rubuta. Ranar da babu naira, da lada ake biya. Malamai sun ce wanda ya kasa gano masu haƙƙi, sai ya mayar da kwatankwacin abin cikin maslahar jama'a, ya yawaita istigfari. Ƙofa a buɗe take, amma ka ga wahalar da mutum ya saya wa kansa saboda buhun shara ɗaya.

Wani zai ce: Malam, kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba. Mutum goma a ɗaki ɗaya, ba wurin ajiye shara, kuɗin kamfanin kwashewa ya fi ƙarfinmu, masu baro kuma hukuma ta hana su. Gaskiya ne, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Amma ƙa'idar malamai ita ce lalura ana auna ta da gwargwadonta, kuma ba a gusar da cuta da wata cutar irinta. Matsin da kake ciki ya ba ka damar ɗaure shara a buhu ka ajiye a gefe har a zo, ya ba ku damar haɗa kuɗi gida biyar ku biya tare, ya ba ku damar zuwa ofishin kansila ku yi ta zarya har a gaji da ku. Bai ba ka damar kwashe cutar daga ƙofarka ka aika wa talaka irinka ba. Shi wanda ruwan zai ci, ai ba kwamishina ba ne. Haka wanda ya ba mai baro ɗari biyu alhali ya san a magudana zai juye, hannunsa ne ya zuba, sai dai da aron hannu.

Akwai darasi a tarihin tsaftar ƙarshen wata. Shekaru da yawa ana hana fita a Legas safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10, don a yi shara. A 2015 Babbar Kotun Tarayya ta ce hana zirga-zirgar ba shi da madogara a doka, a 2016 gwamnatin jiha ta soke tsarin. Kowa ya tambayi kansa: da aka daina kame, na ci gaba da yashe kwatar ƙofata? Idan amsar a'a ce, to tsoron ɗan sanda ne yake riƙe da tsintsiyar tun farko. Mumini kuwa yana da Mai ganinsa ranar Asabar da sauran ranaku.

Mu masu masallatai ma maganar ta hau kanmu. Ruwan alwala da yake kwarara kan titi, indararonmu ne. Rumfar da aka ƙara a kan kwata don sahu ya samu wuri, ta ci haƙƙin hanya, kuma malamai ba su halatta cutar da masu wucewa ba ko da don faɗaɗa masallaci ne. Kasuwar raguna da ake tashi a bar kashi da ciyawa, da tumbin layya da ake juyewa a lambatu ranar Sallah, ibada ce aka gama ta da cutar da maƙwabci, wanda sau da yawa ba Musulmi ba ne, kuma ta nan yake karanta addininmu.

Saboda haka ina kira ga limamai, da sarakunan Hausawa na unguwanni, da shugabannin kasuwa: kafin ruwa ya kankama, a sa rana ɗaya bayan Asuba, matasa su fito da shebur a yashe layi, a kuma tabbatar an kwashe abin da aka fitar, kada a tara shi a baki ruwan farko ya mayar. A rubuta takarda da sa hannun jama'a zuwa ƙaramar hukuma a kan babbar magudana, a riƙe kwafi, a koma bibiya. Neman haƙƙi ta hanyar da ta dace nasiha ce ga shugabanni, kuma wanda ya share ƙofarsa ya fi ƙarfin baki idan ya tsaya gaban ciyaman. Masu sayen ƙarfe su yi ittifaƙi a tsakaninsu cewa kayan titi ba ya hawa sikelinsu.

A ranar hisabi shugaba zai amsa tasa tambayar shi kaɗai, ba zai ce mutanena ƙazamai ne ya tsira ba. Ni da kai ma za mu amsa tamu, kuma sunan ciyaman ba ya cikin amsar.

Allah Ya shiryi shugabanninmu, Ya ba su tsoronSa a kan amanar da ke hannunsu. Allah Ya sa daminar bana ta zama ta rahama, Ya tsare mu daga haƙƙin bayinSa, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.