Ɗura ko Lallashi? Ciyar da Yaro Mai Zazzaɓi

Idan damina ta yi nisa a ƙasar Shanono, wahala biyu sukan haɗu a gida ɗaya: sauro ya yawaita, rumbu kuma ya yi ƙasa tun gero bai nuna ba. A lokacin ne ƙananan yara suka fi kwanciya da zazzaɓi. Yaro ya kau da kai daga kunu, uwa ta rasa abin yi. Ta ƙyale shi sai ya warke, ko kuwa ta danne shi a cinya, ta toshe masa hanci, ta yi masa ɗura? Wanne ne aikin ƙauna?

Ƙyalewa tana kama da tausayi, amma zazzaɓi yana ƙone ƙarfin jiki da ruwansa a daidai lokacin da marmarin abinci ya gushe. Yaron da aka bari da yunwa yakan rame, ramammen yaro kuwa shi cuta ta fi saurin kayarwa. Ta haka tamowa take shiga gida.

Ɗura kuma tana kama da himma, amma kunun da aka zuba wa yaro yana kuka yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya jawo ciwon da ya fi na farko. Yaro mutum ne mai daraja a gaban Mahaliccinsa. Rashin ƙarfinsa bai ba mu izinin gwada masa ƙarfi ba.

Abin da ya rage shi ne haƙuri. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai za a ba shi, a kai a kai. Wanda ya wuce haka, a ci gaba da shayar da shi, a ƙara da ruwa mai tsabta da abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini: kunun gyaɗa, faten wake, dafaffen ƙwai, ayaba. Idan ya warke, a ƙara masa ci ɗaya kowace rana har mako 2.

Abinci kuwa ba ya maye gurbin magani. A kai yaro asibiti a gwada jininsa. In ya kasa sha, ko yana amayar da kome, ko ya fara jijjiga, kada a jira gari ya waye. Tun shekara ta 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kowane wata a damina. Masu rabon in sun yi sallama, a karɓe su.

Iyaye maza, wannan nauyi naku ne kuma. Ƙwai da gyaɗar da za a kai kasuwa, a fara cire rabon mara lafiya. Uwar da ta kwana a zaune tana bukatar mai karɓarta, domin gajiya ce takan kai hannu ga ɗura.

Allah ya ba 'ya'yanmu lafiya, mu kuma ya ba mu haƙurin renonsu. Amin.