Tanadin Mai Gidan Haya: Rashin Tawakkali Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata magana da ta yawaita a bakin masu zuba dukiyarsu cikin filaye da gidajen haya. In aka ce wa mutum ya ware wani abu saboda gyara da sauyin zamani, sai ya ce gobe ta Allah ce. Lalle gaskiya ne gobe ta Allah ce, amma shin yin tanadi dominta ya saɓa wa tawakkali?

Tarihin Birnin Kebbi ya isa misali. Da aka yanke Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, garin ya zama hedkwata, ma'aikata suka kwararo, filaye da gidaje suka yi daraja. Da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013, sai neman ɗakunan haya ya ƙaru. Ganin haka, mutane da yawa suka ɗauka gida dukiya ce da ba ta ci, sai dai a ci daga gare ta. Alhali kuwa gida yana ci: rufi ya yi yoyo, bango ya tsage, masai ya cika, ɗaki ya yi wata da watanni babu ɗan haya.

Sa'an nan ga sauyin da ba ya hannun kowa. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a fadamun gulbin Rima, ta rushe gidaje. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma tun 1934, ya yi kimanin shekara 10 ba a yi shi ba sai a 2020, saboda haka duk wanda ya gina masauki da dogaro ga baƙin Matan Fada kaɗai ya sha jira. Bayan janye tallafin man fetur a 2023 kuma, kuɗin siminti da kwano da dako suka yi tashin gwauron zabo, gine-gine da dama suka tsaya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ma ta sanya filaye a hannun Gwamna bisa amana, tana buƙatar yardarsa kafin a sayar da fili mai takardar mallaka, kuma neman takardun yana cin kuɗi da lokaci.

To, wanda bai shirya wa waɗannan ba, wane ne ke biyan kuɗin sakacinsa? Galibi ba shi ba ne. Ɗan haya ne da za a ninka wa kuɗi dare ɗaya, ko a bar shi da iyalinsa ƙarƙashin rufi mai zuba. Magini ne da lebura da za a riƙe wa ladan guminsu. Marayu ne da za su gaji gida ba takarda, ba shaidu, ga bashi a kansa, har zumunci ya watse a gaban alƙali. Ashe rashin tanadi ba kansa kaɗai mutum ya cuta ba, ya ɗora wa raunana nauyin da shi ya kamata ya ɗauka, wannan kuwa zalunci ne ko da an kira shi tawakkali.

Shari'a ba ta yarda da haka ba. Suratu Yusuf ta ba da labarin yadda Annabi Yusufu, alaihis salam, ya ba da shawarar a adana hatsin shekaru 7 na yalwa saboda shekaru 7 na fari, ba wanda kuwa zai ce ya rasa tawakkali. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah ya umurci mai raƙumi ya ɗaure ta tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Saboda haka ya wajaba mai gida ya lasafta kuɗin ƙarasa gini kafin ya haƙa harsashi, ya binciki inda ruwa yake kaiwa da damina kafin ya sayi fili kusa da fadama, ya riƙa ware kaso daga kuɗin haya saboda gyara, ya rubuta yarjejeniya da ɗan haya, ya kuma sanar da shi ƙari tun da wuri. Kada kuma ya manta da zakka: malaman Malikiyya sun ce babu ita a kan gidan da aka ajiye domin haya, amma tana kan kuɗin hayar in ya kai nisabi kuma ya shekara, wato 1 cikin 40.

Sai dai tanadi ma yana da iyaka. Wanda tsoron talauci ya sa shi ƙuntata wa mutane, ya hana haƙƙi, shi ma ya kauce. Tawakkali aikin zuciya ne, tanadi aikin hannu, kowanne da muhallinsa. In mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa sa'an nan ruwa ya ci gidan, sai ya yi haƙuri da ƙaddara, ga lada, ba haƙƙin kowa a wuyansa.

Allah Ya ba jama'a ikon tsare amana. Amin.