Kai Kuka Ga Shugaba Ba Rashin Kunya Ba Ne

 

'Yan'uwana mata, da zarar an ambaci kansila ko ciyaman sai mu ce ai wannan harkar maza ce. To amma wa ke goya yaro zuwa asibitin unguwa a tarar babu magani? Wa ke rasa ruwan girki ranar da burtsatse ya lalace? Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da maƙabartu da kwashe shara, ya ba ta hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Kin ga ke nan aikinta a tsakar gidanmu yake ƙarewa.

Ku tuna da Khaulatu 'yar Sa'alaba (RA). Da mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata zihari, ba ta zauna a ɗaki tana gunaguni ba, sai ta tafi wurin Manzon Allah (SAW) ta yi ta maimaita kukanta, har Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kan lamarinta. An kuma ruwaito cewa bayan ta tsufa ta tare Sayyidina Umar (RA) a hanya yana Halifa, ta yi masa nasiha, ya tsaya cak har ta gama. Idan Umar ya tsaya wa tsohuwa, wane ne kansilan da ya fi ƙarfin sauraronki?

Mu a Pauwa da sauran ƙasar Ƙanƙara, har zuwa Faskari da Sabuwa, ba sai an ba mu labarin wahala ba. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, kuma iyaye mata na cikin waɗanda suka yi dafifi a makarantar. Na san tsaro ya fi ƙarfin kansila. Amma marayan da aka koro daga ƙauye bai shiga aji ba, da mai cikin da ba ta samun awo, waɗannan fa ba su fi ƙarfinsa ba, kuma mu muka san gidajen da suke.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, duk da aiwatarwar ta yi ta samun tsaiko. A Fabrairun 2025 kuma aka yi zaɓe a ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina. Kowace mazaɓa da kansilanta, amma mu nawa muka san sunan namu? Ƙuri'a shaida ce, 'yar'uwa. Wadda ta bayar da ita don sabulu ko turmin atamfa ta ji tsoron shaidar zur, kuma wallahi bakinta ya mutu ranar tambaya.

Ban ce kowa ta yafa mayafi ta nufi sakatariya ita kaɗai ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ma jajis ta naɗa, dattawan mata masu jagorantar 'yan taru. Mu ma a kowace Islamiyya mu zaɓi dattijuwa da mata biyu, da izinin mazajensu, cikin hijabi. A ɗauki matsala guda tak, a rubuta takarda kwafi uku: ɗaya ga kansila, ɗaya ga mai unguwa, ɗaya a ajiye. Kada a haɗa da roƙon na cefane, nan take zai sallame ku da 'yan kuɗi maganar ta bi ruwa. In an yi mako biyu shiru a koma, a kuma nemi kujerar mata a kwamitin makaranta da na asibitin mazaɓa.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, amin.