Mamaci a Labari, Mamaci a Kabari

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, wa ya koya muku yadda ake baƙin cikin mutuwa? Da yawanku kun ga mutuwa ɗari a fim kafin ku ɗauki makara ko sau ɗaya. To, abin da ido ya saba gani, shi zuciya za ta nema ranar da abin ya zo gida.

Ku dubi fim ɗin Indiya, Karan Arjun, na 1995. An kashe wa wata uwa 'ya'yanta biyu, ta je gaban gunki ta yi kuka, sai aka sake haihuwarsu a wasu gidaje, suka girma, suka komo suka ɗaukar mata fansa. Wannan aƙidar Hindu ce ta sake haihuwa, a wurinsu addini ne. Na san za ka ce, "Malam, ai kallo ne kawai, ban gaskata ba." Na ji. Amma labarin ya riga ya koya maka cewa maganin rashi shi ne a mayar maka da wanda ka rasa. Kabari kuwa ba ya mayarwa. Ranar da ka binne mahaifiyarka, da me wannan darasi zai taimake ka?

Haka kuma masu ƙaga labari sukan sa hadari da tsawa in gwarzonsu ya mutu, wai duniya na taya kuka. A shekara ta 10 bayan Hijira, Ibrahimu ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu yana jariri, kuma rana ta yi husufi a ranar. Mutane suka ce don mutuwarsa ne. Ga uba a cikin ciwo, ga magana mai daɗin ji, amma ya ƙi karɓa. Ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar kowa. Shi ne kuma wanda idanunsa suka zubar da hawaye a kan yaron. Ashe kuka halal ne, rarrashin ƙarya ne bai yarda da shi ba.

Ban ce duk labari ɓata ne ba. Ku karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Uwa ta ratsa hamada tana neman ɗanta, ta sha bauta, ta gan shi, ba da jimawa ba ta rasu. Marubucin bai tashe ta ba. Ya bar ɗan da rashinsa, kamar yadda za a bar ni, a bar ka.

Saboda haka, ɗan'uwa, in labari ya kawo maka mutuwa, tambaye shi: haƙuri kake koya mini, ko jiran abin da ba zai zo ba? Mamacinmu yana barzahu, haɗuwa sai ranar tashi. Abin da ke isa gare shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito, sadaka ce mai gudana, da ilmi mai amfani, da addu'ar ɗa nagari. Kai ne ɗan. Yi kukanka, ka share hawaye, ka biya masa bashinsa, ka yi masa addu'a.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.