Wa Ake Tambaya Idan Magani Ya Ƙare?

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Asibiti ya duba yaro kyauta, ya rubuta takarda, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya riƙa makara watanni, har shekaru. Uwar da ta goyo ɗa mai zazzaɓi daga ƙauyen Bouza ko Keita sai ta tarar da kantar magani wayam, ta huce a kan ma'aikacin da ke gabanta, alhali wanda ya riƙe kuɗin yana Yamai.

Wasu na cewa a bar kowa da Allah, hisabi na lahira ne. Gaskiya ne, amma Annabi (SAW) bai jira lahira ba: ya tuhumi Ibn Lutbiyya, mai karɓar zakka, kan kyautar da ya ce an ba shi. Wasu kuma na ganin tambaya rashin kunya ce ga na gaba. Ai kuɗin al'umma ne. Kwamitocin lafiya a Madaoua suna da haƙƙin ganin littafin shiga da fita, kuma ya kamata tambayarsu ta wuce ƙofar asibiti, ta kai ga ma'aikatar da ta yi alkawarin biya.