Me Ke Koyar Da Hannu?

Idan muka bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Bodinga ta nufi Shagari, da wuya mu wuce gari ba mu ga yara a zaure ba, kowa da allo a cinya da alƙalamin kara da kurtun tawada. A ƙasar Bodingan nan Sifawa take, inda Shehu Usmanu ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, zamanin da kowane littafi sai an kwafe shi da hannu. To, me ke koyar da hannun nan?

Amsar da muka gada ita ce maimaici. Yau da gobe, in ji Bahaushe, ke sa allura ginin rijiya. Ba mu musa ba, amma da sauran magana. A shekarun 1920 wani masani ɗan Rasha, Nikolai Bernstein, ya ɗauki hotunan ma'aikata a Mosko suna bugu da guduma. Sai ya ga kan gudumar na sauka kusan wuri guda, alhali kafaɗa da gwiwar hannu ba sa bin hanya ɗaya sau biyu. Ashe maƙerin da ke dukan ƙarfe da masaba, kowane bugu sabon lissafi yake yi.

A 1979 kuma, a Amurka, John Shea da Robyn Morgan suka koya wa mutane ture wasu ƙananan katakai da hannu bisa tsari iri uku. Kashi ɗaya suka riƙa maimaita tsari guda har su gama kafin su koma na gaba, ɗaya kashin aka cakuɗa musu. A ranar koyo 'yan kashin farko ne gwanaye. Da aka dawo bayan kwana 10, sai waɗanda aka wahalar suka yi musu fintinkau, domin su kowane karo sai sun sake gina motsin a zuci kafin hannu ya tashi.

Nan fa aka zo wurin amana. Malamin da ya dafa hannun yaro ya ja, ko ya zana masa harafi ya ce bi sawu, da yamma allo zai yi kyau, uba ya gani ya yi godiya, malam ya sami yabo. Wanda kuwa ya ce a wanke allo a sake daga ka, rubutun almajirinsa zai daɗe yana karkacewa, har a ce malam ba ya ƙoƙari. Wanne ne cikinsu mai tausayi? Mu dai muna ganin na farkon kansa ya tausaya wa, kuma galibi bai ma san haka ba, abin da ya sa kama shi ke da wuya.

Kada mai karatu ya ɗauka kowace wahala muke yabo. Sabon shiga na bukatar ya tsaya kan abu guda tukuna, shi ya sa ake gama babbaƙu kafin farfaru. Bulala kuwa hankalin yaro take janyewa daga harafi ta mai da shi kan hannun malam. Haka yaron maƙera da aka bari shekara da shekaru kan zuga-zugi da sunan horo: gumi ya yi shi, amma ba a taɓa miƙa masa jan ƙarfe an ce ya zaɓi inda zai buga ba.