Wa Ke Ƙirga Faɗan da Ba a Yi Ba?

Shekaru kaɗan da suka wuce wata ƙungiya ta ba ni aikin gina manhajar da ma'aikatanta za su riƙa shigar da rahoton rikicin manoma da makiyaya ta waya. Na tsara gurabe: rana, gari, dalili, sai adadin waɗanda suka mutu ko suka ji rauni. A gurbin ƙarshen nan na sa sharaɗi don kada a cika rumbun da tarkace: dole lambar ta kai ɗaya.

Da kaka wani ma'aikaci ya kira ni daga yankin Gagarawa, wai manhajar ta lalace. Shanu sun shiga gonar riɗi da dare, gari na wayewa samari suka fito da sanduna. Mai unguwa ya aika aka kira arɗo, aka zagaya gonar, aka kimanta ɓarna, aka biya, kafin azahar kowa ya kama gabansa. Ma'aikacin ya rubuta sifili, manhajar ta ƙi karɓa. Lafiyarta ƙalau, abin da na koya mata ta yi. Ni ne na yanke hukunci, ina zaune gaban kwamfuta, cewa abin da bai zubar da jini ba bai faru ba.

Tun ranar nake tunanin mutanen da suka riƙi wannan fanni sana'a: masu binciken aikin 'yan sanda, masu ba gwamnati shawara kan tsaro, da masu kashe wutar rikici tun tana hayaƙi. Likita yana da majinyacin da ya warke, ɗan sanda yana da ɓarawon da ya kama. Shi kuwa wanda ya hana faɗa, me zai nuna? Kullum muna cewa rigakafi ya fi magani, amma mai magani muke biya.

Ba raina ƙirga nake yi ba. Marigayi Innocent Chukwuma ya kafa gidauniyar CLEEN a 1998, ana dab da fita daga mulkin soja. Cikin ayyukanta har da bin mutane gida-gida ana tambayarsu ko an taɓa yi musu laifi, kuma ko sun kai ƙara. Ta haka aka ga yadda ɗimbin laifuka ba sa isa caji ofis. Rumbun Nigeria Watch kuma tun 2006 yake tattara mace-macen tashin hankali daga rahotannin jaridu. Ba don irin waɗannan ba, duk adadin da mai mulki ya ga dama shi zai faɗa, uwar da aka kashe wa ɗa kuma a bar ta da hawayenta kawai a matsayin shaida.

Matsalar ita ce ƙirga gawa take bi, kuɗin aiki kuma ƙirga suke bi. Dubi masarautar Gumel da ƙananan hukumominta huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Duk kayan haɗin rikici suna nan. Ga iyaka da Nijar, ga kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci duk Alhamis, ga garkunan da ke gangarowa daga ƙasar Damagaram idan damina ta ɗauke. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta amince da wannan kai-komo, dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi keɓe wuraren kiwo, amma jama'a ta ƙaru, gonaki sun matse burtali da mashaya. Ana samun arangama, wani lokaci har da asarar rai. Duk da haka kaka tana zuwa tana wucewa, gari bai kama da wuta ba. Wasu ne ke yin wannan aiki a zaurukan dagatai da gindin bishiyoyi, kuma babu sunansu a kowane rumbu. Mai binciken da ke neman tallafi ya san inda aka fi kisa can zai samu, don haka ƙasar da ta iya riƙe kanta ita ce aka fi jahilta.

A Amurka wani likita, Gary Slutkin, wanda ya yi yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Afirka, ya lura kisa ma yaɗuwa yake yi ta hanyar ramuwa. A 2000 ya soma wani shiri a Chicago, aka ɗauki 'yan unguwa da matasa ke jin maganarsu, aikinsu shi ne su isa wurin mai fushi kafin ya ɗauki bindiga. Duniya ta yi ta nazarin shirin. Mai unguwar can na Gagarawa kusan abin da ya yi ke nan, ba albashi, ba wanda ya rubuta.

To amma kada zumuɗi ya kwashe mu. Sifili iri biyu ne. Akwai na gaskiya, inda aka biya manomi haƙƙinsa, makiyayi ya tafi bai ji an cuce shi ba. Akwai kuma wanda aka ce wa talaka ya yi haƙuri don shanun na wani babba ne, ko aka ninka wa baƙon makiyayi tara don ba shi da kowa a gari. A manhajata duka biyun lamba ɗaya ce. Na biyun kuwa bashi ne, kuma yakan dawo bayan shekaru da ruwa mai tsada. Mai ba da shawarar da ya kai wa gwamna rahoton "babu matsala" bisa irin wannan shiru ya taya zalunci ɓoyewa, ko da lissafinsa daidai ne.

A ganina nan amanar wannan sana'a take: a buɗe sifilin a ga abin da ke cikinsa. Wa ya shiga tsakani? Nawa aka biya, wa ya kimanta? Idan abin ya sake faruwa, mutumin zai koma zauren nan ko adda zai wasa? Aiki ne mai cin lokaci, ba ya kawo suna, kuma wanda ya yi shi da kyau ƙila ya yi ritaya ba a san abin da ya hana ba.

Gyaran manhajar bai kai minti biyar ba. Na cire sharaɗin, na ƙara gurbi biyu: wanda ya sasanta, da kuma ko an gamsu. Ma'aikacin ya sake kirana: “Malam, wa zan tambaya, mai gona ko mai shanu?” Na ce duka biyun, kowa shi kaɗai, bayan wata ɗaya, kuma ba a gaban mai unguwa ba.